Darasin ingilishi: ma'anar « pick up » da yadda ake aiki da shi

1. Harshe na uku

Birnin Ƙonni gari ne na bakin iyaka. Daga kudu da shi, tafiya kaɗan, sai Illela ta ƙasar Najeriya. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Sakkwato, wajen kilomita 90 daga Ƙonni. Akwai kuma wata Illela a cikin Nijar, arewa da Ƙonni, cikin jihar Tawa. Mutanen ɓangarorin biyu Hausa suke yi, kuma da yawansu dangin juna ne. Faransa da Ingila ne suka shata wannan iyaka, suka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Shi ya sa makarantar boko ta arewa da iyaka ta taso da faransanci, ta kudu kuma ta taso da ingilishi.

Yaron Ƙonni, ko na Malbaza, ko na Illela, ba baƙon ingilishi ba ne. Yana jin sa a bakin direbobin da ke zuwa daga kudancin Najeriya. Yana ganin sa a jikin kwalayen kaya da cikin wayar salula. Kalmomi irin su mota, direba, tebur, bokiti da asibiti duk daga ingilishi Hausa ta aro su. A makaranta kuwa, a ajin farko na kwaleji ake fara koyar da shi. A shekarar 2025, babbar dokar da aka kafa a Nijar ta ce Hausa ce harshen ƙasa, ingilishi da faransanci kuma su ne harsunan aiki. Ke nan ɗan makarantar da ya iya Hausa da faransanci yana da harshe na uku a gabansa.

A cikin ingilishi akwai wani abu da ke yawan rikita mai koyo. Sai ya ga kalmomi biyu, ya san ma'anar kowace ɗaya, amma in suka haɗu sai ma'anar ta ɓace masa. Wannan darasi zai ɗauki misali guda, wanda ake ji kullum a tasha da kasuwa: pick up.

2. Aikatau da ɗan rakiyarsa

Kalmar pick aikatau ce. In tana tsaye ita kaɗai, ma'anarta « tsinka » ko « zaɓa ». Kalmar up kuwa ƴar ƙarama ce, ma'anarta « sama ». Wanda ya fassara su ɗaya bayan ɗaya zai ce « zaɓi sama », ko « tsinki sama ». Wannan ba magana ba ce. In pick da up suka haɗu, sun zama aikatau guda, mai ma'anarsa ta kansa. Masu ingilishi suna kiran irin wannan phrasal verb. Da faransanci ana cewa verbe à particule. Da Hausa ana iya kiran sa aikatau mai ɗan rakiya.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, don harshensa ma haka yake yi. A dubi kalmar « ci ». Kowa ya san cin tuwo. Amma akwai cin gaba, da cin amana, da cin bashi, da cin jarrabawa. Wanda ya ci jarrabawa bai sa takarda a baki ba. Baƙon da ke koyon Hausa dole ya riƙe « ci amana » a haɗe, kamar kalma guda.

Hausa tana da wata dabara kuma. Tana sauya ƙarshen aikatau, sai ma'ana ta juya:

Ya ɗauki buhu.
Ya ɗauko buhu, wato ya taho da shi nan.
Ya ɗauke buhu, wato ya gusar da shi daga wurin.

Aikin da ƙarshen kalma yake yi a Hausa, shi ne ƙananan kalmomi irin su up, out, on da off suke yi a ingilishi. Bambancin kawai, a ingilishi ɗan rakiya yana tsaye daban, ba ya manne da aikatau.

3. Ma'ana ta farko: ɗauka daga ƙasa

Wannan ita ce uwar sauran ma'anonin. Abu yana ƙasa, ko bisa tebur, mutum ya kai hannu ya ɗaga shi. Da faransanci ana cewa ramasser.

Pick up the chalk.
Ɗauki allin.

The girl picked up the baby.
Yarinyar ta ɗauki jinjirin.

A nan ne ake ganin amfanin ɗan rakiya. A dubi waɗannan jimloli biyu:

The boy picked a mango.
The boy picked up a mango.

Ta farko tana nufin yaro ya tsinki mangwaro daga bishiya. Ta biyu tana nufin ya tsinci mangwaro a ƙasa. Tsinka daban, tsinta daban. A wajen mai garka, wanda ya tsinka ya yi laifi, wanda ya tsinta kuwa sau da yawa a kan ƙyale shi. Haruffa biyu kaɗai, u da p, su ne suka raba mai laifi da marar laifi.

4. Ma'ana ta biyu: zuwa ɗaukar mutum ko kaya

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta ratsa Ƙonni, da Tsarnawa, da Malbaza, da Galmi. A Tsarnawa wata hanya ta rabu ta yi arewa, ta bi ta Badagishiri zuwa Tawa. Dare da rana motoci suna tsayawa a waɗannan garuruwa suna ɗaukar mutane da kaya. Wannan tsayawa a ɗauka, ita ma pick up ake ce mata. Da faransanci ana cewa passer prendre, ko aller chercher.

The lorry picks up onions at Galmi.
Babbar mota tana ɗaukar albasa a Galmi.

The driver picked up cement at Malbaza.
Direba ya ɗauki siminti a Malbaza.

My uncle will pick me up at Tsarnawa.
Kawuna zai zo ya ɗauke ni a Tsarnawa.

A jimla ta uku, kawu ba zai saɓa yaron a kafaɗa ba. Zai zo da mota ko babur ne, su tafi tare. Kishiyar wannan ma'ana ita ce drop off, wato saukewa. Direba yana iya ɗaukar fasinja a Badagishiri, ya sauke shi a Tawa.

Daga nan ne aka samu sunan ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda ake loda wa buhuna da awaki ranar kasuwa. Da ingilishi sunanta pickup, a rubuce kalma guda, don a nan suna ce, ba aikatau ba.

Akwai wani ɗauka kuma da ba wanda yake so. In aka ce the police picked him up, ana nufin ƴan sanda sun kama shi sun tafi da shi. Ke nan dole a dubi wanda ya yi ɗaukan. In kawu ne, alheri ne. In ƴan sanda ne, sai a bi sawu.

5. Ma'ana ta uku: koyo a kunne

Yara da yawa suna jin harshen da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Bahaushen da ya tashi kusa da ruga yakan ji fulatanci. Yaron mota da ke bin ubangidansa zuwa Legas yakan dawo da ɗan ingilishi a bakinsa. Ba allo, ba alli, ba malami. A hanya ya tsince shi.

He picked up English in Lagos.
Ya tsinci ingilishi a Legas.

She picked up sewing from her mother.
Ta koyi ɗinki wajen kallon uwarta.

Wannan ya bambanta da learn da study, waɗanda ke nufin koyo da karatu. Ɗan makaranta da ke zaune a aji yana rubutu, study yake yi. Yaron mota kuwa pick up ya yi.

Ba abin kirki kaɗai ake tsinta ba. Ana tsintar mugun hali wajen abokai, ana kuma kamuwa da cuta.

He picked up a bad habit.
Ya ɗauko mugun hali.

The child picked up a cold.
Yaron ya kamu da mura.

6. Ma'ana ta huɗu: waya da rediyo

Wayar tarho ta da tana da kai wanda ke kwance bisa akwatinta. In ta yi ƙara, sai a ɗaga kan a kai kunne. Daga nan maganar ta samo asali. Yau wayar salula ba ta da wannan kai, taɓawa kawai ake yi, amma maganar ba ta sake ba. Hausa ma « ɗauki waya » take cewa. Da faransanci ana cewa décrocher.

Pick up the phone.
Ɗauki wayar.

I called him, but he did not pick up.
Na buga masa, amma bai ɗauka ba.

Rediyo kuma tana kama tasha. Da faransanci ana cewa capter.

This radio picks up Sokoto.
Wannan rediyo tana kama Sakkwato.

7. Ma'ana ta biyar: farfaɗowa

A ma'anonin da suka wuce, akwai abin da aka ɗauka: alli, albasa, harshe, waya. A wannan ta biyar ba a ɗauki komi ba. Abu ne ya yi sanyi, sannan ya fara tasowa da kansa. Da faransanci ana cewa reprendre.

Mutanen bakin iyaka sun san wannan hali. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020. In iyaka ta rufe, kasuwa takan kwanta. In ta buɗe, sai ciniki ya fara motsi. Mai ingilishi zai ce:

Trade is picking up.
Ciniki yana farfaɗowa.

Haka ake faɗa game da majinyaci, da kuma iska:

The sick man is picking up.
Majinyacin yana samun sauƙi.

The wind is picking up.
Iska tana ƙara ƙarfi.

Ga alamar da za a riƙe: in babu abin da aka ɗauka, kuma ba maganar waya ake ba, to ma'anar ita ce farfaɗowa ko ƙaruwa.

8. Saƙon direba

Ga misalin da ke nuna abin da fassarar kalma-kalma take jawowa. Galmi, cikin gundumar Malbaza, ta yi suna wajen albasa har a ƙasashen waje. Da bazara ake cire mafi yawanta, a zuba a buhuna, a jera a bakin hanya. Albasa ba ta son dogon jira, in ta daɗe cikin zafi sai ta fara ruɓa.

A ce wani manomi ya yi ciniki da wani ɗan kasuwa na buhu 40. Ɗan kasuwar ya turo direba daga kudancin Najeriya, wanda ba ya jin Hausa. Direban ya aiko saƙo ta waya:

I will pick up the bags on Monday at six. Please pick up when I call.

Manomin ya miƙa wa ɗansa wayar. In yaron kalma-kalma yake fassara, zai ga pick, ya ce « zaɓa ». Zai ga up, ya ce « sama ». Sai ya ce:

« Baba, wai zai zaɓi buhunan sama. »

Ran uban zai ɓaci, don ba a yi ciniki da shi a kan zaɓe ba. Yana iya fasawa, ya sayar wa wani da araha, ranar Litinin mota ta zo ta tarar da wayam. An yi asarar kuɗi, an kuma ɓata amana.

In kuwa yaron ya san aikatau mai ɗan rakiya, zai dubi abin da ya biyo baya. A jimla ta farko, the bags ne, wato buhuna, kuma direba ne mai magana. Ma'ana ta biyu ke nan. A jimla ta biyu akwai call, wato bugun waya. Ma'ana ta huɗu ke nan. Sai ya ce:

« Baba, ya ce zai zo ya ɗauki buhunan ran Litinin da ƙarfe shida. Ya kuma roƙa, in ya bugo a ɗauki waya. »

Pick up sau biyu a saƙo guda, kowane da ma'anarsa. Maƙwabtan kalma su ne ke faɗin abin da take nufi.

9. Ƙa'idoji uku

Ƙa'ida ta farko. Aikatau ne kaɗai ke sauya kama, ɗan rakiya ba ya sauyawa. Ana cewa pick up, picks up, picked up, picking up. Ba a taɓa ƙara wa up komi.

Ƙa'ida ta biyu. In abin da aka ɗauka suna ne, yana iya zuwa bayan up, yana kuma iya shiga tsakiya. Duka biyu daidai ne:

Pick up the bag.
Pick the bag up.

Ƙa'ida ta uku. In wakilin suna ne, irin su me, you, him, her, it, us da them, to dole ya shiga tsakiya:

Pick it up. Ɗauke shi.
Pick them up. Ɗauke su.
Pick me up. Zo ka ɗauke ni.

Wanda ya rubuta pick up it ya yi kuskure. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi mantawa ranar jarrabawa.

Akwai wani abin lura. A Najeriya mutane da yawa sukan yar da up cikin hira, su ce pick the call, ko I will pick you. A tasha kowa zai gane. Amma a rubutun makaranta da na ofis, cikakken aikatau ake so, da ɗan rakiyarsa.

10. Yadda ake faɗinsa

Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa bakin Bahaushe yakan so ya ce « fik ». Ɗan makaranta mai faransanci ya riga ya san p, a cikin papa da porte. A rufe leɓɓa sarai, sannan a buɗe su da ƙarfi.

Masu ingilishi suna haɗa kalmomin cikin numfashi guda. Pick up yana fita kamar « pikap ». Pick it up yana fita kamar « pikitap ». Picked kuwa gaɓa guda ce, « pikt », ba « piked » ba. In aikatau ne, murya ta fi nauyi a kan up. In sunan mota ne, nauyin yana kan pick.

11. Ƴan uwansa

In aka sauya ɗan rakiya, ma'ana ta sauya. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Pick out: zaɓo ɗaya daga cikin da yawa.
She picked out the best onions.
Ta zaɓo albasa mafi kyau.

Pick on: tsangwama, sa wa wani ido da cin zali.
Do not pick on small children.
Kada ka tsangwami ƙananan yara.

Mai neman pick up a cikin ƙamus ya buɗe wajen pick, ba wajen up ba. Ya bi har ƙarshen bayanin, a can zai tarar da ƴan rakiya a jere. Kada ya tsaya ga ma'ana ta farko. Ya karanta su duka, ya ɗauki wadda ta dace da jimlarsa.

A riƙe

Pick up aikatau guda ne, ba a fassara shi kalma-kalma.
Ma'anoninsa biyar: ɗauka daga ƙasa, zuwa ɗaukar mutum ko kaya, koyo a kunne, ɗaukar waya ko kama tasha, farfaɗowa.
Kafin a fassara, a yi tambaya biyu: wa ya ɗauka? Me aka ɗauka?
Wakilin suna tsakiya yake shiga.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin pick da pick up?
2. Wace kalma ce kishiyar pick up in ana maganar fasinja?
3. Me ya sa ake cewa pick up game da waya?
4. Ku kawo maganganu 5 na Hausa da aka gina da kalmar « sha », waɗanda ba su shafi shan ruwa ba.

Aiki

A. Ku fassara da Hausa, ku faɗi ko ma'ana ta nawa ce:
1. Pick up your slate.
2. The bus picks up passengers at Badagishiri.
3. My sister picked up French in Niamey.
4. The market picks up after the harvest.

B. Ku sa wakilin suna a madadin sunan, ku kula da wurinsa:
1. Pick up the book.
2. The driver picked up the women.
3. He will pick up his father.

C. Ku gyara kuskuren da ke cikin kowace jimla:
1. Pick up it.
2. She pick upped the phone.

D. Ku zana layi uku a littafin rubutu: Hausa, faransanci, ingilishi. Ku cika su da ma'anoni biyar na pick up. Ranar kasuwa, duk wanda ya ji wani aikatau mai ɗan rakiya, ko ya gan shi a jikin kwali ko cikin waya, ya rubuto shi ya kawo aji.